Zumar Kaka daga Wuro Hambali

Wuro Hambali, ƙasar Biu
3 ga Yuni, 2013

Zuwa ga Maman Ma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Ma'u da duk mutanen layinmu na Ƙofar Na'isa. Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi.

Na san kin gaji da kiran wayata. Kwana biyu da isowata aka sa dokar ta-ɓaci, aka ɗauke sabis a duk jihar Barno. Ƙarfen sabis ɗin bakin titi kuwa dama tun bara aka ƙone shi. Saboda haka mun koma takarda. Haruna, mai babbar motar da ke kai wake Dawanau, yana lodi a kasuwar bakin titi duk bayan mako biyu ko uku. Shi zai riƙa kawo miki saƙona, ke ma ki ba shi naki.

Jikin Baffa ya fi yadda aka gaya mana. Ɓarinsa na dama ya shanye. Yana magana, amma sai an kasa kunne. Na ce in ɗauko shi zuwa Kano, sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya nuna mini gindin tsamiya, inda kabarin Inna yake. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, kin sani. Sati ɗayan da na ce zan yi ba zai yiwu ba. Ki kai wa shugaban makarantarmu takardar da na haɗa da wannan.

Ban manta da aikinki ba. Ga kwalabe uku na zumar bazara, daga amya ukun nan da kika ɗiba bara: ta gindin tsamiya, ta bakin fadama, da ta gonar Baffa. Na rubuta sunan kowace a jikinta. Baffa ya ga ina ɗurawa, ya ce in tambaye ki, wai me kike nema a cikin zumar da ya shekara saba'in yana sha bai mutu ba?

Ki shafa mini kan Ma'u. Haza wassalam.

Mijinki,
Hammadu

*

Ƙofar Na'isa, Kano
21 ga Yuni, 2013

Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ya jikin Baffa? Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ka ladan jinya.

Sati uku, Malam! Sati uku ina danna lambarka matar nan tana ce mini a kashe take. Ranar da Haruna ya yi sallama ko takalmi ban sa ba na fito. A tsaye a soro na karanta takardarka, sau uku, man motarsa duk ya ɓata gefenta.

Gwaggona Dije ta kulle gidanta na Ƙofar Mazugal ta tare a nan. Ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai da yarinya ba a wannan zamani. Gari yana nan yadda ka bar shi. Tunda aka hana acaɓa, sai na wuce shingen bincike huɗu a cikin A Daidaita Sahu kafin in isa lab, ɗakin gwajinmu.

Ka gaya wa Baffa ba laifin zumarsa nake nema ba. Ƙudan zuma yana tashi ya yi kilomita biyu zuwa uku ta kowace fuska, ya sauka a kan kowane fure, ya sha a kowane kududdufi. Duk abin da manomi ya fesa a gonarsa, kaɗan daga ciki yana biyo shi har amya. To idan na sa cokali ɗaya a na'urarmu, sai ta ba ni labarin gonakin gari guda. A ta kakar bara na sami maganin feshin wake a duka ukun, ya fi yawa a ta gonarsa, amma bai kai ya cutar da mai sha ba. Ya ci gaba da shan abarsa. Wadda na samo wajen masu noman tumatir na rani a nan, ita ce ta ɗaga mini hankali.

Ta bazarar da ka aiko kusan babu komai a ciki, kuma haka ya kamata, ba a feshi a wajenku da rani. Ta kaka nake jira, bayan an gama feshin wake. Amma ba aikowa nake so ka yi ba. Ka dawo, mu koma tare mu ɗebo.

Ma'u takan ɗauki tsohuwar wayar nan da ta lalace ta kara a kunne, ta yi ta ba ka labari. Jiya na ji tana kai maka ƙarata, wai na yi mata kitso da zafi.

Taka,
Mardiya

*

Wuro Hambali
12 ga Agusta, 2013

Zuwa ga Maman Ma'u,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu. Ina gaida Gwaggo, ki yi mata godiya a madadina.

Na karanta wa Baffa amsarki. Ya yi dariya da ɓarin bakinsa mai motsi, ya ce ashe ƙudajen nan 'yan leƙen asiri ne.

Muna nan lafiya. Damina ta yi kyau, mutane suna ta aikin gona. Liman ya yi tafiya, saboda haka ni na ja sallar Idi bana. Ni nake yi wa Baffa girki yanzu, ya fi son na hannuna, ko da yake tuwon yana yin gudaji.

Wannan ne azumin farko da na yi ba tare da ke ba tun aurenmu. Kullum idan rana ta kusa faɗuwa sai in ga kamar ina dawowa daga Jakara da gurasa a leda, na shigo lungunmu, yara sun jeru da kwanonin ƙosai, ke kuma kina tsakar gida kina faɗa wai na makara kunu ya huce. A nan shiru ya yi yawa. Ban taɓa zaton zan yi marmarin hayaniyar titin Ƙofar Na'isa ba, ni da nake ƙorafi a kanta kullum. Shekara goma sha biyu na yi a Kano ina ce wa mutane ni baƙo ne. Yanzu na gane ƙarya nake yi.

Na sami ɗan gyalenki mai ruwan toka a ƙasan jakata. Ban san yadda aka yi ya shiga ba. Ba zan aiko da shi ba.

Wassalam.
Hammadu

*

Ƙofar Na'isa
20 ga Oktoba, 2013

Malam,

Sallama da gaisuwa. An yi Babbar Sallah lafiya? Ya mai jiki?

Sau biyu Haruna yana zuwa hannu wofi. Na tambaye shi ko ya gan ka, ya ce ya ji kuna lafiya, yana maganar yana kallon tayar motarsa. Na ce ya kasuwar wake, ya ce sai godiya. Gawayi na gani a motar.

Ma'u ta shiga makaranta. Ranar farko malamarsu ta tambayi aikin babanta, ta ce yana gadin ƙudan zuma. Shugaban makarantarku ya yi haƙuri har ƙarshen zango, yanzu ya ba wani ajinka. Ya ce in ka dawo a duba.

Ni na sa gyalen a jakar, tunda ka ce ba ka sani ba.

Rigunanka suna nan a rataye, ban wanke su ba. Gwaggo ta ce ƙazanta ce. Na ce mata eh. Wani lokaci ina tsaka da aiki, na'ura tana ta ƙara, sai in ji kamar an yi gyaran murya irin naka a bayana. Sai in ƙi waiwayawa, don ya ɗan daɗe.

Ko layi biyu ne ka rubuto, don Allah.

Mardiya

*

Wuro Hambali
8 ga Disamba, 2013

Zuwa ga Maman Ma'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina neman afuwarki a kan shirun da kika ji. Jinya ce ta sha kaina, ba wani abu ba. Baffa yana nan, yau da sauƙi gobe babu.

Ga zumar kaka, kwalabe uku kamar kullum. Amyar bakin fadama ta cika har ta yi nauyin da ban taɓa gani ba. Wake ya yi kyau bana, kowa ya yi feshinsa yadda aka saba, za ki sha aiki. Na ƙara kwalba ta huɗu, wannan ba ta gwaji ba ce, ta Ma'u ce da Gwaggo.

Kada ki damu da abin da kike ji a rediyo. Yawanci can nesa da mu ne.

Ki gaya wa Ma'u mai gadin ƙudan zuma yana gaishe ta. Ki auna mini tsawonta da zare ki sa a cikin takarda, in ga inda ta kai.

Haza wassalam.
Hammadu

*

Ƙofar Na'isa
12 ga Janairu, 2014

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Baffa. Ga zaren da ka ce. Sauran gaisuwar ka yafe mini ita yau, maganar da ke bakina ta fi ƙarfina.

Na gwada zumar. Na fara da ta gonar Baffa, don ita ta fi ɗaukar magani bara. Babu komai. Na ce na'ura ce ta sami matsala, dama janareta ya yi ta ɗaukewa a makon. Na wanke komai, na sa wata zumar da na san tana da magani, na'urar ta nuna shi sarai. Na sake sa taku. Babu. Ta fadama babu, ta tsamiya babu. Sai ɗan ɓurɓushin tsohon maganin nan da aka daina tun kafin a haife mu, wanda ba ya barin ƙasa. Na feshin wake, na ciyawa, na tsutsa, ko ɗigo.

Dakta Turai, wadda ke duba aikina, ta zo ta ga takardar sakamakon. Ta ce, "Mardiya, ina kika samo wannan? Shekara tara ina neman zuma mai tsabta irin wannan da za mu riƙa auna sauran da ita. Wannan ai kamar daga inda ba mutane ta fito!" Murna take yi, baiwar Allah, har tana tafa hannu. Ni kuma sai na ja kujera na zauna.

Ban tsaya nan ba. Ka san zuma tana ɗauke da garin furen da ƙudan ya taɓa. Na tace shi na duba a madubin ƙara girma. Bara na ga na riɗi, na dawa, na masara, na wake. Bana magarya na gani, da bagaruwa, da tafasa, da ciyayin daji. Furen gona ko ɗaya babu.

Malam, kilomita uku gabas da yamma, kudu da arewa, ba wanda ya noma komai a Wuro Hambali bana. Garin da ke da gida sama da ɗari. Ka rubuto mini da hannunka cewa kowa ya yi feshi. Wa ya yi? Na ɗauko takardunka na sake karantawa. Liman ya yi tafiya. Kai kake girki, a gidan da matan 'yan uwa suka fi biyar. Shiru ya yi yawa. Duk ka faɗa mini, ni ce ban ji ba.

Na je Dawanau na sami Haruna. Na ce ba zan tambaye shi komai ba, don na ga alamar an sa shi rantsuwa. Na ce kawai ya kalle ni. Ƙaton mutum kamar Haruna ya sa hula ya rufe fuskarsa.

Ba fushi nake yi ba. A'a, ƙarya ne, fushi nake yi. Wata bakwai ina yi maka addu'ar jinya, ashe wata addu'ar ta kamace ka. Ka hana ni ko sanin abin da zan roƙa maka.

Su wa suka rage? Me kuke ci? Ka gaya mini gaskiya, ko mai ɗacin ce.

Matarka,
Mardiya

*

Wuro Hambali
2 ga Fabrairu, 2014

Mardiya,

Wa alaikis salam. Na karanta takardarki a gindin tsamiya, na daɗe a zaune. Ina ɗura zumar nan a kwalba ko kaɗan ban kawo wannan a raina ba. Ki yafe mini.

A makon farko na azumi 'yan bindiga suka zo, a kan babura, da hantsi. Sun tara mutane a ƙofar masallaci. Sun kashe mai gari da mutum uku. Sun kora shanu duka, har da na huɗa. Suka ce za su dawo, duk saurayin da suka tarar ko ya bi su ko ya bi mai gari. Ni ina bakin fadama wajen amya, daga can na ji harbi. Cikin kwana huɗu garin ya watse, wasu Biu, wasu Gombe. Geron da aka shuka ciyawa ta cinye shi. Wake da riɗi ko irinsu ba a fitar ba.

Waɗanda ba su iya tafiya aka bari, da niyyar a dawo a ɗauke su. Ba a dawo ba, ban kuma ga laifin kowa ba. Mu biyar ne. Baffa, da Malam Isyaku ladan wanda gwiwoyinsa suka ƙi, da Inna Asibi da ba ta gani, da Inna Lauratu wadda 'ya'yanta suka yi ta roƙo ta ce ba ta barin Asibi, tare aka kawo su garin suna amare. Sai ni. Sallar Idin da na ce na ja, mutum ɗaya ne a bayana.

Muna cin hatsin da aka bari a rumbuna, da kuka, da nonon akuya biyu da suka ɓuya a daji suka dawo da kansu, da zuma. Sun sake zuwa sau uku. Da na ji ƙarar babur nake shiga duhuwar fadama, tsofaffin ba a kula su. Kasuwar bakin titi ta mutu tun Satumba. Sai na yi tafiyar rabin yini kafin in iske Haruna a inda yake lodin gawayi, shi ya sa takarduna suka yi wuya.

Me ya sa na ɓoye? Da farko na ce ana buɗe takardu a hanya. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Na san in kika ce in taho, zan taho. Zan bar mutum huɗu da ba mai ɗebo musu ruwa, in zo in zauna kusa da ke, kuma ba zan sake iya kallon kaina ba. Tsoron kalmarki ɗaya nake ji fiye da baburan nan.

Malam Isyaku har yanzu yana kiran salla sau biyar, a zaune. Muryarsa tana fita ta bi gidajen da ba kowa.

Na auna zaren a jikina. Ta wuce ƙuguna. Da na tafi ba ta kai ba.

Mijinki mai neman gafara,
Hammadu

*

Ƙofar Na'isa
14 ga Fabrairu, 2014

Malam,

Sallama. Na yafe, amma sai na gan ka zan gama yafewa.

Ba zan ce ka taho ka bar su ba. Da ka yi haka, ba kai na aura ba. Cewa nake ku taho duka.

Na karanta wa Gwaggo takardarka. Ta yi kuka, ta face hanci, sannan ta ce, "To ɗakuna uku na Ƙofar Mazugal da ke kulle, aljanu zan ajiye a ciki?" Washegari ta tafi da tsintsiya. Haruna ya ce akwai mai amalanken jaki a inda yake lodi, ya yarda zai shiga ranar ashirin da bakwai ga wata, su biyo ta Gombe da Bauchi.

Wannan kuma ka karanta wa Baffa, kada ka rage ko harafi.

Baffa, 'yarka Mardiya ce ke durƙuso. Na san inda kake so a kwantar da kai, ban kuma isa in ce ba daidai ba ne. Amma ɗanka ba zai motsa ba muddin kana nan, kuma shi ba tsoho ba ne da za a wuce a ƙyale. Jikarka Asma'u, mai sunan Inna, ta fara mance kamanninsa. Ban taɓa roƙonka komai ba sai zuma. Yau ina roƙonka shi.

Malam, ina ƙirga kwanaki. Sha uku ne.

Mardiya

*

Gombe
2 ga Maris, 2014

Mardiya,

Assalamu alaikum. Baffa ya ji saƙonki. Ya sa na maimaita, sannan ya ce in haɗa masa kayansa. Ranar Talata, saura kwana biyu amalanke ya zo, ya cika bayan sallar Azahar. Ni da Malam Isyaku muka yi masa salla, na kwantar da shi kusa da Inna. Ya yarda zai taho, ina so ki san wannan.

Mun fito lafiya. Inna Asibi ta galabaita, an ƙara mata ruwa a nan, likita ya ce mu kwana biyu. Na ba wani direba da zai riga mu wannan takarda.

Da Haruna ya kira ki jiya ya ce miki na je sayen magani, ba gaskiya ba ne. Ina tsaye kusa da shi, ina jin muryarki tana fitowa daga wayar. Ya miƙo mini na kasa karɓa. Bari sai na zo.

In Allah Ya yarda ranar Talata da la'asar muna Ƙofar Na'isa. Ki gaya wa Gwaggo kada ta wahalar da kanta da nama. A dama kunu mai yawa. Baƙin nata su uku ne, kuma duk cikinsu haƙori bai fi goma ba.

Hammadu